Filin Tambaya da Amsa: Wa Ke Biyan Kuɗin Kwasa-Kwasan Kwaleji da Ɗalibin Sakandare Ke Ɗauka a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar asalin Katsina ce, ina zaune tare da maigidana da yaranmu huɗu a birnin Kolumbus na jihar Ohayo, yau shekara tara ke nan. Babbar 'yata tana aji goma a makarantar gwamnati, kuma a makon jiya ta kawo mini takarda daga ofishin malamar da ke ba ɗalibai shawara, wai in sa hannu domin ta fara ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji a shekara mai zuwa alhali ba ta gama sakandare ba. Yarinyar ta ce kyauta ne. Sai dai ƙanwar maigidana da ke wata jiha ta shaida mini cewa ita sai da ta biya wa ɗanta kuɗin littattafai da wasu ƙananan kuɗaɗe, wata maƙwabciyata kuma ta ce ta san gidan da aka aika wa takardar neman biya bayan yaronsu ya faɗi jarrabawa. Babban tsorona shi ne mu faɗa cikin bashi mai ruwa ba tare da mun sani ba, domin maigidana tuƙi yake yi, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi. In sa hannu ko kada in sa? — Uwar yara huɗu, Kolumbus.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki zuri'a, ya yi wa karatunsu albarka. 'Yarki ta faɗi gaskiya, ƙanwar maigidanki ta faɗi gaskiya, maƙwabciyarki ma ba ta yi ƙarya ba, kuma dalilin haka shi ne a Amurka babu doka guda ta gwamnatin tarayya da ta tsara wannan al'amari. Kowace jiha da nata tsarin, wani lokaci ma kowace gundumar makarantu da irin yarjejeniyar da ta ƙulla da kwalejin da ke kusa da ita. Sunan da za ki riƙa gani a takardu shi ne dual enrollment, wato ɗalibi ya riƙe rajista biyu lokaci guda, ɗaya a sakandare ɗaya a kwaleji, kuma kwas ɗaya da ya ci ya shiga lissafinsa a wuraren biyu. Jihar Minesota ce ta fara shimfiɗa irin wannan tsari ga dukan makarantunta a shekarar 1985, kuma abin ya bazu har ya zamana a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 ɗaliban sakandare kimanin miliyan biyu da rabi ne suka ɗauki aƙalla kwas ɗaya na kwaleji a faɗin ƙasar.

Ke kin yi sa'ar jiha. Shirin Ohayo, wanda ake kira College Credit Plus, ya fara aiki a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, kuma yana karɓar ɗalibai tun daga aji bakwai har aji sha biyu. Idan yarinya tana makarantar gwamnati, kuma kwalejin ko jami'ar da za ta ɗauki kwas ɗin ita ma ta gwamnatin jihar ce, to ba za a karɓi kuɗin karatu ko na littattafai ko na rajista daga hannunku ba. Ana yanko kuɗin ne daga kason da jiha ke ba gundumar makarantunku a miƙa wa kwalejin, gundumar kuma ita ke ɗaukar nauyin littattafai. Ba rance ba ne, babu ruwa a kansa, kuma babu ranar da za a ce ku mayar matuƙar an kiyaye sharuɗɗa. Game da bashin da kike tsoro, ki kwantar da hankalinki: rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda shi ne mai ruwa, ba a ba da shi ga wanda har yanzu yake sakandare, haka shi ma tallafin Pell da ba a mayarwa. Saboda haka ba za a nemi ku cike takardar FAFSA, wato takardar neman tallafi da rancen karatu na gwamnatin tarayya, don wannan shiri ba, sai lokacin da ta zo shiga jami'a gadan-gadan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato labarin maƙwabciyarki. Dokar Ohayo ta ba gundumar makarantu damar neman iyaye su mayar da kuɗin kwas idan ɗalibi ya faɗi, ko kuma ya janye bayan wa'adin janyewa ya wuce, wanda yake kwana 14 daga fara zangon karatu. Ba kowace gunduma ce ke bin kuɗin ba, amma tana da hurumin yin haka, kuma kwas ɗaya mai kiredit uku (kiredit shi ne ma'aunin da kwaleji ke auna nauyin kwas da shi) yana iya kaiwa ɗaruruwan daloli. Dokar ta keɓe ɗaliban da hukuma ta ƙidaya cikin masu ƙaramin ƙarfi, waɗannan ba a bin su kuɗin faɗuwa. Don haka tambaya ta farko da za ki yi wa malamar ba da shawara, kafin alƙalaminki ya taɓa takarda, ita ce ko 'yarki tana cikin wannan rukuni a rajistar makaranta, kuma idan ba ta ciki, nawa za a nema a hannunku in ta faɗi. Ki nemi a ba ki amsar a rubuce. Wasu iyayen suna jin nauyin cike takardar neman rangwamen abincin rana don kada a ce sun nuna talauci, alhali wannan takarda tana cikin hanyoyin da makarantu ke gane waɗanda suka cancanci sassauci a abubuwa da dama. In kun cancanta, ku cike ta, haƙƙinku ne.

Akwai kuma iyaka ga abin da jiha ke biya. Ɗalibi ba ya wuce kiredit 30 a shekara, ko 120 a tsawon zamansa cikin shirin, kuma talatin ɗin nan ba duka ne na kwaleji ba, domin ana cire darussan sakandare da yake ɗauka daga ciki. Lissafin shi ne a ninka yawan darussan sakandare na cikakkiyar shekara sau uku, a cire daga 30. Idan 'yarki tana da darussa biyar a makarantarsu, an cire 15, saura kiredit 15 na kwaleji, wato kimanin kwas biyar a shekara, kuma har da abin da ta ɗauka a zangon bazara. Kwas ɗin da ya tsallake wannan iyaka ku za ku biya shi daga aljihunku. Haka nan idan ta zaɓi kwaleji mai zaman kanta, ana iya neman ku biya wani kaso. Kuɗin mota ko man fetur zuwa harabar kwaleji shi ma yana wuyanku, kuma ga gidan da uba ke kan titi yini guda uwa kuma tana wurin aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin sauƙin shi ne makarantu da yawa suna koyar da waɗannan kwasa-kwasan a cikin gininsu ta hannun malaman da kwaleji ta amince da su, wasu kuma ta intanet ake yin su. Ki lura da ranar 1 ga Afrilu, domin ita ce wa'adin miƙa takardar nuna niyyar shiga shirin na shekara mai zuwa, kuma ina kyautata zaton ita ce takardar da aka kawo miki. Sa hannu a kanta bai tilasta wa yarinya ɗaukar ko kwas ɗaya ba, ya dai buɗe mata ƙofa ne.

Abin da ya sami ƙanwar maigidanki ya yi kama da tsarin wasu jihohi. A jihar Washintan, shirin Running Start yana ɗauke wa ɗaliban aji sha ɗaya da sha biyu kuɗin karatu, amma littattafai da ƙananan kuɗaɗen kwaleji da sufuri suna kan iyaye, sai dai masu ƙaramin ƙarfi ana yafe musu waɗancan ƙananan kuɗaɗe. Jojiya tana biya, amma tun 2020 ta ƙayyade abin da take biya ga kiredit 30 a duk tsawon zaman ɗalibi a sakandare. A Teksas an daɗe abin ya danganta da gunduma da kwaleji, har zuwa 2023 da aka kafa shirin FAST wanda ya mayar da karatun kyauta ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi a kwalejojin da suka shiga shirin. A wasu jihohin kuwa iyaye ne ke biya, ko da yake a kan farashi mai rahusa. Ga wanda ya biya da kuɗinsa, ya adana rasit, ya kuma tambayi mai cike masa takardun haraji game da rangwamen Lifetime Learning Credit, wanda ke rage haraji da kashi 20 cikin ɗari na kuɗin karatun da aka kashe, ragin da ba ya wuce dala 2,000 a shekara, ga waɗanda samunsu bai wuce iyakar da aka sa ba.

Ni a ganina, Hajiya, kuɗi ba shi ne babban abin da kuke jinginarwa ba idan kuka shiga wannan shiri. Abin da ya fi tsada shi ne kundin sakamakon yarinya. Duk makin da ta samu a kwas ɗin kwaleji yana shiga takardar sakamakonta ta kwaleji, kuma wannan takarda ba ta gogewa. Za ta bi ta zuwa duk jami'ar da ta nema, ya kuma shiga matsakaicin makinta na sakandare. A Ohayo, ɗalibin da matsakaicin makinsa na kwaleji ya sauka ƙasa da 2.0 cikin 4.0 ana sa shi a matakin gargaɗi, a taƙaita shi ga kwas ɗaya, in bai gyara ba a dakatar da shi daga shirin. Ga kuma wani abu da ke ba iyayenmu mamaki: malamin kwaleji ba zai kira ki ya ce 'yarki ba ta kawo aikin gida ba. Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974, wadda ake kira FERPA, ta mayar da ikon bayanan karatu hannun ɗalibi da zarar ya yi rajista a makarantar gaba da sakandare, ko da shekarunsa sha biyar ne. Kina iya samun labari ta hannun makarantar sakandare, ko kuma yarinya ta sa hannu a takardar da ke ba kwaleji izinin yi miki bayani, kuma ina ba ki shawarar ku yi wannan tun ranar rajista. Ki sani kuma cewa ba a sauya abin da ake koyarwa don akwai ƙaramar yarinya a aji, kuma in a harabar kwaleji ne, za ta zauna tare da manya, maza da mata. Ohayo ma tana sa iyaye su sa hannu cewa an sanar da su hakan.

To, ki sa hannu a takardar niyya. Amma a zangon farko ku tsaya ga kwas ɗaya, a fannin da ta fi ƙarfi, kuma zai fi kyau ya zama wanda ake koyarwa a cikin makarantarsu. Ku zaɓe shi daga jerin da ake kira Ohio Transfer 36, domin kwasa-kwasan da ke cikinsa dukan kwalejoji da jami'o'in gwamnatin jihar suna karɓarsu daga juna. Ku rubuta ranar ƙarshe ta janyewa a kalandar da kowa ke gani a gida, in kun ga alamar nauyin ya fi ƙarfinta a makon farko ko na biyu, ta janye tun kafin a fara lissafi. Idan ta ci da kyau, sai a ƙara mata a zango na gaba. Kowane kwas da ta ci yanzu ragi ne daga kuɗin da za ku biya nan gaba, a ƙasar da kuɗin karatun shekara a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ya haura dala 11,000 a matsakaici, ban da ɗaki da abinci, kuma ga mai gudun riba wannan na cikin hanyoyi mafi tsabta na rage buƙatar rance.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mutumin Kumasi ne, ina sana'a a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Ɗana yana aji sha ɗaya, yana da ƙoƙari ƙwarai, kuma burinsa ya zama likita. Na ji ana cewa yaro zai iya tara kiredit na shekara biyu tun yana sakandare, sai na ce masa ya kwashi duk abin da zai iya domin mu rage shekarun biyan kuɗi. Shi kuma ya ce malaminsa ya ba shi shawarar ya haɗa da darussan AP, wato darussa masu matakin kwaleji da ake koyarwa a sakandare. Wanne ya fi, kuma shin yawan kiredit zai hana shi samun tallafin karatu? — Wani mahaifi, Bronx.

Amsa: Barka kadai, Alhaji, Allah ya cika wa yaro burinsa. A birninku akwai shirin College Now na jami'ar birnin Niyok, wato CUNY, wanda ɗaliban makarantun gwamnati ke ɗaukar kwasa-kwasai a cikinsa ba tare da biyan kuɗi ba, sai dai ba a tsara shi don a tara kiredit 60 ba. Kwas ɗaya ne ko biyu a zango. Masu fitowa da difloma ta shekara biyu tare da takardar sakandare galibi 'yan makarantu ne na musamman da aka gina a kan haka tun daga aji tara, irin su Bard High School Early College da aka buɗe a 2001, da P-TECH ta Buruklin da aka buɗe a 2011 tare da haɗin gwiwar kamfanin IBM. Yaron da ya riga ya kai aji sha ɗaya a makaranta ta yau da kullum, abin da zai iya tarawa bai kai haka ba, kuma ban ga abin baƙin ciki a nan ba.

Dalilina shi ne kiredit ba ya da amfani sai jami'ar da yaro zai shiga ta karɓe shi, ta kuma lissafa shi cikin kwasa-kwasan da digirinsa ke buƙata. Jami'o'in gwamnati na jiha ɗaya sukan karɓi na junansu. Manyan jami'o'i masu zaman kansu kuwa da yawa ba sa ba da kiredit a kan kwas ɗin da aka riga aka lissafa cikin takardar kammala sakandare, ko wanda aka koyar a ginin sakandare. Suna dai kallonsa a matsayin shaidar ƙwazo lokacin tantance masu neman gurbi. Akwai kuma jami'ar da za ta karɓa amma ta jefa shi cikin kwasa-kwasan zaɓi, yaro ya tashi da tarin kiredit amma shekarunsa huɗu suna nan daram. Saboda haka kafin ya yi rajistar kowane kwas, ya duba shafin jami'o'i uku ko huɗu da yake hari, ko ya rubuta wa ofishin rajistarsu ya tambaya.

Ga mai son likitanci akwai ƙarin hattara. A Amurka sai an gama digirin farko ake neman makarantar likitanci, kuma hukumar da ke tattara takardun nema, AMCAS, tana buƙatar sakamakon kowane kwas na kwaleji da mutum ya taɓa ɗauka, har da na lokacin sakandare, ta kuma sa shi cikin lissafin matsakaicin maki. Makin C da yaro ya samu a kimiyyar sinadarai yana ɗan shekara sha shida don an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa zai fito a gaban masu tantancewa bayan shekara shida ko bakwai. A nan ne shawarar malaminsa take da ma'ana. Darasin AP a sakandare ake yin sa, a watan Mayu a zauna jarrabawar hukumar College Board, a ba da maki daga 1 zuwa 5, jami'o'i kuma su ba da kiredit ga wanda ya sami 3, ko 4, ko 5, gwargwadon ƙa'idar kowace. Kuɗin jarrabawar ya kusa dala ɗari, ana kuma rage wa masu ƙaramin ƙarfi. In bai ci ba, ya yi asarar kiredit, amma babu kundin kwaleji da zai ɗauki tabon. Rauninsa shi ne aikin shekara guda yana rataye a kan jarrabawar yini ɗaya, alhali kwas ɗin kwaleji ana tara makinsa ne a tsawon zango. Da ni ne, zan bar shi ya yi darussan kimiyya ta hanyar AP, ya ɗauki rubutun Turanci ko ilimin halayyar ɗan Adam ko ƙididdiga ta College Now.

Game da tallafi, kiredit ɗin da aka samu kafin kammala sakandare ba ya raba yaro da matsayin sabon ɗalibi a yawancin jami'o'i, don haka yana neman tallafin 'yan shekarar farko kamar kowa. Abin kiyayewa shi ne kada ya yi rajistar kwas a kwaleji bayan ya karɓi takardar sakandare kafin ya shiga jami'ar da ta ɗauke shi ba tare da ya tambaye ta ba, domin wasu jami'o'in suna iya mayar da shi ɗalibin canjin makaranta, tallafin wannan rukuni kuma yakan fi ƙanƙanta. Sannan tallafin gwamnatin tarayya yana da sharaɗin ci gaba mai gamsarwa, wanda a yawancin makarantu yake nufin matsakaicin maki 2.0, da cin kimanin kashi biyu cikin uku na kiredit ɗin da aka yi rajista, da kammala digiri kafin a wuce kashi 150 cikin ɗari na kiredit ɗin da aka tsara masa. Kwasa-kwasan da yaro ya faɗi ko ya janye daga cikinsu yana sakandare suna iya shiga wannan lissafi, musamman idan ya ci gaba da karatu a kwalejin da ya ɗauke su.

Tambaya: Malam, ni malamar sakandare ce a Zariya, kuma wata ƙawata da ke Amurka ta ba ni labarin wannan tsari. Shin muna da irinsa a Najeriya? — Wata malama, Sabon Gari.

Amsa: Malama, abin da ya fi kusa da shi a wurinmu shi ne IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello da ke garinku ke kula da jarrabawarta, da kuma JUPEB da wasu jami'o'i suka kafa ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Legas. Wanda ya ci ɗaya daga cikinsu yana neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hannun JAMB. Bambancin shi ne waɗannan ana yin su ne bayan an gama sakandare an sami sakamakon WAEC ko NECO, suna cin kusan shekara guda ta karatu, kuma iyaye ne ke biyan kuɗin makaranta da na jarrabawa. Shekarar da aka yi a can ita ke maye gurbin aji ɗaya na jami'a, saboda haka ba a rage tsawon karatu ba, an dai sami wata ƙofar shiga ce. Wasu makarantu masu zaman kansu kuma suna shirya ɗalibai don jarrabawar A-Level ta Kambirij, wadda jami'o'inmu ke karɓa don shiga aji biyu, ita ma a kan kuɗin iyaye, kuma kuɗinta ya fi na waɗancan biyun yawa nesa ba kusa ba.